ZALIKA SULE TA NIJAR: 'YAR WASA DA ALHAKIN 'YAN KALLO



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan lacca, da suka ba ni damar tsayawa a gabanku. Na tabbata sa'ad da aka sanar cewa za a yi magana a kan rayuwar wata 'yar wasan kwaikwayo, akwai waɗanda suka ce a ransu, duk matsalolin da suka dame mu a rasa abin da za a tara mutane a jami'a a kansa sai 'yar wasa? Ban ga laifin mai wannan tambaya ba, domin ita ce tambayar da na zo da niyyar amsawa. Matar da zan yi magana a kanta sunanta Zalika Sule, mutuniyar Jamhuriyar Nijar. An haife ta a Yamai a 1947, ta kuma rasu a can a watan Yuli na 2021. Masana tarihin silima suna lissafa ta cikin matan farko da suka ɗauki wasan fim a matsayin sana'a a Afirka kudu da Sahara. Maƙasudin jawabina shi ne in nuna yadda al'umma ta ci moriyar aikinta, sa'an nan ta ɗora mata laifin matan da ta kwaikwaya, in kuma tambaya ko mu a nan mun tsira daga irin wannan hali.

Farkon Silima a Nijar

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya, saboda haka bari mu fara duba filin da ta sauka a ciki. A zamanin mulkin mallaka, Faransa ta kafa wata doka a 1934 wadda ta hana ɗaukar fim a ƙasashen da take mulki a Afirka sai da iznin hukuma. Wannan ya sa har gab da samun mulkin kai 'yan ƙasa ba su da hannu a wannan sana'a sai kallo. Gidajen silima kuwa suna hannun kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, kuma abin da suke kawowa shi ne finafinan kaboyi na Amurka, da na Indiya, da na Faransa.

Nijar ta sami mulkin kanta ranar 3 ga Agusta, 1960, kuma ba a daɗe ba ta shiga sahun gaba a harkar fim, duk da ƙarancin arzikinta. Ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne zaman wani Bafaranshe mai suna Jan Rush, wanda ya zo ƙasar a 1941 a matsayin injiniya, daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. Mutum biyu da suka yi aiki tare da shi su ne suka zama ginshiƙan silimar Nijar. Na farko Mustafa Alasan, wanda ya fito da fim ɗinsa Aouré, watau Aure, a 1962, ya kuma yi suna wajen finafinan zane masu motsi. Na biyu Umaru Ganda, tsohon soja da ya yi wa Faransa yaƙi a yankin da Biyatnam take a yau, ya dawo ya yi leburanci a tashar jirgin ruwa ta Abijan, inda Rush ya same shi ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958.

Waɗannan mutane suna da labaran da suke son bayarwa, suna da na'urar ɗaukar hoto, suna da samari masu sha'awa. Abin da ya yi musu wuya shi ne macen da za ta yarda ta tsaya gaban na'ura, domin babu labarin zaman duniya da zai yiwu ba mace a ciki.

Shigowar Zalika

A 1966, tana da shekara 19 ko kusa da haka, Zalika ta fito a fim ɗin Mustafa Alasan mai suna Le Retour d'un aventurier, watau dawowar ɗan yawon duniya. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga ƙasar Turawa da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, kowa ya ɗauki sabon suna irin na silima, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu da sace-sace da faɗace-faɗace da raina manya. Mace ɗaya ce a cikin ƙungiyar, ana kiran ta Sarauniya Kiristin, kuma Zalika ce ta fito a wannan matsayi.

Ina so ku lura da abu guda a nan, domin shi ne mabuɗin sauran bayanin. Manufar fim ɗin ita ce yi wa samari ba'a saboda kwaikwayon abin da suke gani a silima ba tare da tunani ba, watau gargaɗi ne a kan rikita wasa da gaskiya. Amma abin da ya zauna a idon mutane da yawa shi ne sun ga 'yar mutanen Yamai cikin shigar maza tana yawo da 'yan iska. Cutar da fim ɗin ya zo yi wa magani ita ce ta fara kama 'yar wasan da ta yi shi.

A wannan shekara ta 1966 ne kuma Usman Sambene na Senegal ya fito da La Noire de..., kuma yarinyar da ta ja fim ɗin, Mbisin Teres Jop, ita ma ta ba da labarin tsangwamar da ta sha a Dakar bayan fitowarsa. Ke nan matsalar ba ta ƙasa ɗaya ko ƙabila ɗaya ba ce.

Shekarun Umaru Ganda

Mafi yawan aikin da aka san Zalika da shi ta yi shi ne tare da Umaru Ganda, wanda ya fi yin finafinansa da Zabarmanci. Na farko shi ne Cabascabo, labarin sojan da ya dawo daga yaƙi da kuɗin sallama, abokai da mata suka yi masa caa, da kuɗi suka ƙare kowa ya watse. An nuna shi a bikin finafinai na birnin Kan a Faransa a 1969.

Sai Le Wazzou polygame. Kalmar wazzou 'yar'uwar kalmarmu ce ta wa'azi. Labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka ya ƙyalla ido a kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawari, ya sa dukiya ya aure ta ta zama ta uku, kishi ya tunzura ɗaya daga cikin matansa ta ƙulla kisan amarya, aka yi kuskure aka kashe ƙawar amarya. A 1972, da aka fara ba da babbar kyauta a bikin finafinan Afirka na Wagadugu, wanda ake kira FESPACO, wannan fim ne ya ci. Kyautar nan, mai suna Dokin Yennenga, ita ce mafi daraja a silimar Afirka, kuma Nijar ce ta fara ɗaukar ta.

Bayan wannan sai Saïtane, watau Shaiɗan, inda Ganda ya fallasa wani malamin tsibbu da yake yin kawalci tsakanin matar aure da wani mai kuɗi. Sa'an nan L'Exilé a 1980, wanda shi ne fim ɗin Ganda na ƙarshe. A tsakani Zalika ta sake aiki da Mustafa Alasan a F.V.V.A. na 1972, wanda haruffan sunansa suke nufin mace, gida, mota, kuɗi, watau burin sabon ma'aikacin gwamnati na wancan zamani. Ina jin wasu a wannan zaure za su ce burin bai tsufa ba.

Duk wanda ya dubi waɗannan finafinai zai ga wa'azi ne tsantsa. Suna faɗa da auren dole, da almubazzaranci, da cin amana, da masu fakewa da addini su ci dukiyar mutane. To, amma wa'azin da ake yi ta hanyar wasa ba ya yiwuwa sai an sami wanda zai ɗauki siffar mai laifi ya nuna ta yadda za a ƙyamace ta. Rabon da ya riƙa faɗo wa Zalika ke nan: karuwa, matar aure mai cin amana, mace mai makirci. Ta kuwa iya. An san ta da ƙago magana nan take a gaban na'ura, ba tare da ta tsaya ga abin da aka tsara mata kaɗai ba, irin yadda 'yan wasanmu na dandamali da na rediyo suke yi idan an ba su ƙashin labari su sa masa tsoka. Gwargwadon yadda ta gwanance, gwargwadon yadda 'yan kallo suka gaskata cewa halinta ne suke gani.

Abin da Ta Girba

Mun san abin da ya biyo baya daga bakinta, domin wata 'yar Nijar, Rahmatu Keita, ta yi fim a kan rayuwarta mai suna Al'lèèssi, kalmar da take nufin ƙaddara a harshen Sanwai. Ya fito a 2004, aka kuma nuna shi a Kan a 2005. A ciki Zalika ta bayyana yadda mutane suka kasa raba ta da matan da ta kwaikwaya, da yadda sunanta yake ɗaukaka a ƙasashen waje alhali a gida ana gudun ta. Fim ɗin ya same ta tana da shekara hamsin da 'yan kai, tana zaune da 'ya'ya 4 a ɗaki biyu a gefen Yamai, ba ruwan famfo, ba lantarki. Ya ƙare da sanarwar cewa a shekarar 2000 ta bar ƙasar ta tafi aikatau a ƙasar waje.

Jama'a, ku auna wannan. Matar da fuskarta take cikin fim ɗin da ya fara ciyo wa ƙasarta babbar kyautar Afirka, ita ce ta je tana share gidan wasu a baƙuwar ƙasa domin ta ci da 'ya'yanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abu biyu ne suka taru a kanta, rashin mutunci a idon jama'a da rashin abin hannu, kuma kowanne yana da dalilinsa. Bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin Rikita Wasa da Hali

Wani zai ce jahilci ne, mutanen da ba su saba da silima ba dole su ɗauka abin da suka gani gaskiya ne. Ni ban gamsu da wannan amsa ba, domin kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. A ƙasar Hausa muna da tashe, inda yaro zai sa gemun auduga ya zama tsoho, ko ya zama malami mai kwaɗayi, a yi dariya a ba shi sadaka, gobe ya koma makarantar allo ba wanda ya bi shi da sunan. Muna da wasan gauta, inda matan fada suke kwaikwayon sarki da hakimansa. A Damagaram akwai wasan kara, inda talakawa suke shiga siffar manyan hukuma. Babu wanda ya taɓa kai mai wasan gauta gaban alkali a kan ta ƙwace sarauta. Ashe mun daɗe da sanin bambancin mai kwaikwayo da abin da yake kwaikwaya.

A ganina abu uku ne suka sa wannan sani bai yi aiki a kan Zalika ba. Na farko, wasannin gargajiya suna da lokaci da wuri. Tashe na watan azumi ne, idan ya wuce ya wuce. Fim kuwa ba ya wucewa, ana maimaita shi shekara da shekaru a gaban baƙi da 'yan gida, kuma na'ura tana kawo fuskar mutum kusa har a ga ƙiftawar idonsa. Na biyu, gidan silima kansa ba wurin mutunci ba ne a idon dattawan wancan zamani, saboda haka duk wanda aka gani a bangonsa ya shafi baƙin jinin wurin. Na uku, wanda shi ne mafi nauyi, ita mace ce.

Ku duba misali a nan gida. Marigayi Usman Baba Pategi ya shekara da shekaru yana fitowa a matsayin Samanja, har sunan ya danne na yanka, amma sunan ya zame masa ado. Namiji ya fito a ɓarawo ko mashayi, a tare shi a kasuwa a yi masa kirari a ce ya iya. Mace ta fito a muguwar kishiya, a ce ai da ma idan babu rami me ya kawo maganar rami. Umaru Ganda ne ya tsara labaran nan, shi ya zaɓi wa zai zama wa, kuma bayan rasuwarsa FESPACO ta sa sunansa a kan kyautar da ake ba sabon mai shirya fim. Ya cancanta, ba na musu. Amma hannun da ya rubuta laifin ya sami lambar girma, fuskar da ta nuna shi ta sami zunɗe.

Ba na cewa damuwar iyaye ba ta da tushe. Uban da yake tsoron abin da zai sami 'yarsa a wurin da ba shi da tsari yana da hujja, kuma al'umma tana da ikon ta ce ga iyakar abin da za a nuna mata. Wannan magana ce a kan tsarin sana'a da abin da fim ya ƙunsa, ana iya zama a tattauna ta. Abin da ba shi da hujja a hankali ko a shari'a shi ne a yanke wa mutum hukuncin fasiƙanci a kan abin da aka san wasa ne. Addininmu ya tsananta ƙwarai a kan zato da ƙazafi. Mutumin da zai biya kuɗi ya shiga ya kalli wasa, ya ji daɗi, ya ɗauki darasi, sa'an nan ya fito ya zagi wadda ta yi masa wasan, ya kamata ya binciki kansa.

Dalilin Talauci

Sai batun abin hannu, wanda ya fi shafar ma'aikatan gwamnati da suke nan. Finafinan Nijar na wancan lokaci ana ɗaukar su a gida, amma wanke su da haɗa su sai an kai Faransa. Kuɗin yin su yakan fito ne daga aljihun mai shiryawa da taimakon ma'aikatar Faransa mai kula da hulɗa da tsofaffin ƙasashen da ta mallaka, wadda takan sayi iznin nuna fim a wuraren da ba na kasuwa ba, kamar makarantu da cibiyoyin al'adu. Gidajen silima na kasuwa, inda kuɗin yake, ba su cika karɓar fim ɗin Afirka ba, domin ya fi musu araha su kawo tsohon fim daga waje. Wannan ne ya sa ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau ta karɓe gidajen silimarta a 1970. Fim ɗin da yake yawo daga biki zuwa biki yana cin kyauta, amma ba ya shiga kasuwa, ba shi da ribar da za a raba. Idan mai shiryawa bai samu ba, ina 'yar wasa za ta samu?

Daɗin daɗawa, sana'ar ta dogara ne a kan mutane ƙalilan, ba a kan wata kafa mai ɗorewa ba. Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981, yana da shekara 45. A daidai lokacin ne farashin yuraniyom, wanda ya riƙe tattalin arzikin Nijar a shekarun 1970, ya faɗi, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, kuma kowa ya san harkar al'adu ake fara yanke wa kaso. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, bidiyo ya shigo gidaje, gidajen silima suka yi ta rufewa. Zalika ta ɗan ci gaba da fitowa a farkon shekarun 1980, daga nan aiki ya ƙafe. Akawun da ya yi shekara ashirin a ofis yana da fayil, yana da fansho. Ita da ta yi kusan shekara ashirin tana wakiltar ƙasarta a idon duniya ba ta da ko ɗaya.

Mu Fa?

Kada mu ɗauka labarin maƙwabta ne kurum. Tun daga fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, sana'ar fim ɗin Hausa ta bunƙasa har ta zama hanyar abincin jama'a masu yawa, kuma Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Mun yi ƙoƙari wajen tsara abin da za a nuna. Wajen tsara hakkin wanda ya nuna fa? A 2022 dattijuwar 'yar wasa Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, ta yi hira da sashen Hausa na BBC ta koka a kan ƙarancin abin da ake biyan ta bayan shekaru masu yawa a sana'ar, aka yi ta muhawara na 'yan makonni, aka wuce. Har yanzu kuma kalmar 'yar fim a bakin mutane da yawa ba sunan sana'a ba ne kawai, tana ɗauke da wani zargi da ba a furtawa, alhali da wuya ka shiga gidan da ba a kallon su.

Kammalawa

Zan rufe da roƙo ga ɓangarori biyun da suka cika wannan zaure. Ku ɗalibai, musamman masu nazarin harshe da adabi, ku nemi finafinan nan ku kalla da idon nazari. Ku je ku zauna da tsofaffin 'yan wasan rediyo da talabijin da na dandamali, mata musamman, ku ɗauki tarihinsu tun suna da rai. Ba don Rahmatu Keita ta ɗauki na'ura ta je gefen Yamai ba, da yau ba mu da muryar Zalika sai ta matan da aka sa ta kwaikwaya. Idan kun zama malamai kuma, ku koya wa yara tun daga firamare cewa wanda ya fito a mugu a wasan makaranta aiki aka ba shi.

Ku kuma ma'aikata, a hannunku takardu suke. Yarjejeniya a rubuce tsakanin mai shiryawa da ɗan wasa, kaso daga abin da fim zai ci gaba da samarwa, asusun tsufa da na jinya ga masu sana'ar, da ma'ajiyar da za ta adana finafinai kada su lalace, duk waɗannan abubuwa ne da ake tsarawa a kan tebur irin naku. Duk sa'ad da za a tura ƙungiyar wasa ta wakilci jiha ko ƙasa a wani biki, wanda yake rubuta takardar neman kuɗin tafiya ya tambayi kansa abin da zai sami mutanen nan bayan shekara talatin.

Zalika Sule ta koma ga Mahaliccinta, hukuncinta yana wurinsa, ba ya wurinmu. Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata, Ya ba mu ikon sauke hakkin waɗanda suke raye.